Mataimakin rubuta manhaja na buɗaɗɗen tushe: wanne zai yi aiki a kwamfutar da ke gabanka a Garwa?

Tambayar ta zo daga wani ƙanenmu a Garwa, arewacin Kamaru. Yana rubuta manhajojin lissafin kaya wa shagunan magani da 'yan kasuwa, mafi yawa da harshen rubuta manhaja na PHP da Laravel, wani tsarin da aka gina a kansa. Kwamfutarsa ta hannu ce, gwanjo, mai RAM giga 8, ba shi da katin banki na biya a waje, kuma wuta ba ta zama a unguwarsu. Ya ji ana maganar Copilot da Cursor, mataimakan rubuta manhaja masu aiki da ƙirƙirarriyar basira, yana son sanin ko akwai makamantansu na buɗaɗɗen tushe, wato waɗanda kod ɗinsu yake a buɗe ga kowa, da za su yi masa aiki ba tare da biyan wata-wata ba, kuma ba tare da bayanan masu ba shi aiki sun fita waje ba.

Wa alaikumus salam, ƙanena. Akwai su, kuma wasunsu sun kai a dogara da su wajen aikin neman abinci. Amma kafin in ambaci suna ko ɗaya, ina so ka raba abu biyu da mutane suke haɗawa wuri guda, domin wannan haɗawar ce take sa mutum ya ƙone datarsa ta wata guda ya sauke abin da ba zai motsa a na'urarsa ba.

Abu na farko shi ne kayan aikin da kake gani, wanda yake zaune cikin editarka, wato manhajar da kake rubuta kod a cikinta, ko cikin taminal, tagar da ake buga umarni, yana karanta fayilolinka, yana nuna maka gyara. Abu na biyu shi ne ƙwaƙwalwar, wato samfurin ƙirƙirarriyar basirar da yake yin tunanin. Kamar babur ne: jikinsa daban, injinsa daban. Copilot da Cursor suna ba ka duka biyun a haɗe, kana biya duk wata. Copilot ya fito ga kowa a 2022 a kan dala 10 a wata, wajen sefa 6,000 ke nan, Cursor kuwa dala 20. A ƙarshen 2024 GitHub ya buɗe wani matakin Copilot na kyauta mai iyaka, kuma ba laifi ka gwada shi, sai dai duk abin da ka rubuta yana bi ta sabar wasu, in intanet ya yanke kuma shi ke nan. Buɗaɗɗun kayan aiki su ne suke ba ka damar ɗora injin da ka ga dama a jikin da ka zaɓa, ka sauke shi gobe in ka sami wanda ya fi. Wannan ikon zaɓin shi ne ainihin ribar, ya fi batun kyauta muhimmanci, domin kamar yadda za ka gani, kyautar ba ta cika zama kyauta ba.

A ɓangaren kayan aiki, uku ne suka dace da irin aikinka. Continue ƙari ne da ake sa wa VS Code da editocin JetBrains, lasisinsa Apache 2.0. Yana ƙarasa maka layi kana cikin bugawa, yana da wurin hira a gefe, kuma kai ne kake gaya masa ƙwaƙwalwar da zai yi magana da ita, ta cikin kwamfutarka ce ko ta nesa. Shi nake ba wa duk mai farawa. Aider, wanda Paul Gauthier ya rubuta da Python, a taminal yake aiki. Kana nuna masa fayiloli biyu ko uku, ka faɗi abin da kake so, ya gyara su, sannan ya ajiye gyaran da kansa a git, manhajar da ke riƙe tarihin kowane canji a kod, ta yadda in bai yi maka ba ka mayar da umarni ɗaya. Yana kuma haɗa wata gajeriyar taswira ta dukkan aikinka, sunayen ajujuwa da ayyuka, ya aika wa ƙwaƙwalwar maimakon ya tura fayilolin gaba ɗaya, wanda hakan ke rage kuɗi sosai. A ganina shi ne mafi tarbiyya a cikinsu. Cline kuma a VS Code yake zama, amma shi wakili ne: yana buɗe fayiloli da kansa, yana gudanar da umarni, yana karanta kuskuren da ya fito ya sake gwadawa, yana neman izininka a kowane mataki. Akwai Tabby, wanda aka yi don ofis ya kafa sabarsa ta kansa, da OpenHands mai aiki cikin Docker, amma waɗannan ka bar su tukuna.

Abin da yake kunna ƙwaƙwalwa a kwamfutarka shi ne Ollama, wanda aka gina a kan llama.cpp. Wani ɗan ƙasar Bulgeriya, Georgi Gerganov, ya fitar da llama.cpp a watan Maris na 2023, kuma aikinsa ne ya buɗe wa talaka ƙofa, domin ya sa waɗannan samfura suna tafiya a kan kwamfuta ta gama-gari ba sai da katin GPU mai tsada ba.

Su kansu ƙwaƙwalen, suna da yawa. Meta ta saki Code Llama a Agustan 2023. Hugging Face da ServiceNow, ƙarƙashin shirin BigCode, sun saki StarCoder a 2023 da StarCoder2 a 2024. DeepSeek na ƙasar Sin ya fitar da nasa, Alibaba kuma ta fitar da Qwen2.5-Coder a 2024 cikin girma shida, daga mai ma'auni rabin biliyan har mai biliyan 32 (ma'auni su ne lambobin da samfurin ya koya, kuma da yawansu ake auna girmansa). Mistral ta Faransa ta fitar da Codestral a 2024 da Devstral a 2025, OpenAI ma ta saki gpt-oss a Agustan 2025. A nan sai ka buɗe ido, tunda kai sayar da manhaja kake yi. Ba duk abin da za ka iya saukewa ne aka halatta maka kasuwanci da shi ba. Codestral na farko, lasisinsa ya hana amfani da shi wajen aikin kuɗi sai da izini. Llama yana da lasisin Meta na kansa mai sharuɗɗa, har ƙungiyar Open Source Initiative ta ce bai cika ma'anar buɗaɗɗe ba. Ko cikin dangin Qwen2.5-Coder, mai biliyan 3 lasisinsa daban ne da na 'yan'uwansa masu Apache 2.0. Idan ka ga Apache 2.0 ko MIT, hankalinka ya kwanta. In ka ga wani suna dabam, karanta kafin ka ɗora sana'arka a kai.

Yanzu mu zo kan kwamfutarka, domin nan ne gizo ke saƙar. Ana matse waɗannan samfura don su ragu, kowane ma'auni ya koma wajen bit 4 maimakon 16. Bayan matsewa, mai biliyan 7 yana cin kusan giga 4.7, mai biliyan 14 wajen giga 9, mai biliyan 32 wajen giga 20, mai biliyan 1.5 kuwa bai cika giga ɗaya ba. Dole ne samfurin ya zauna cikin RAM gaba ɗayansa, tare da ƙarin wuri na tuna hirar. Kai giga 8 gare ka, kuma Windows da Chrome da VS Code da MySQL sun riga sun cinye fiye da rabi kafin ka taɓa komai. In ka tura mai biliyan 7 a kai, na'urar za ta fara aron wuri daga faifai, komai ya tsaya cik. Don haka naka shi ne mai biliyan 1.5, kuma aikinsa ɗaya ne: ƙarasa layi. Ka sa Ollama, ka buga ollama pull qwen2.5-coder:1.5b, ka nuna wa Continue shi a matsayin mai ƙarasawa. Zai rubuta maka sauran madauki, zai cike filayen fom da suka yi kama da juna, zai ƙarasa tambayar SQL da ka fara. Kada ka tambaye shi yadda za ka tsara rumbun bayanan shagon magani, zai amsa maka da ƙwarin gwiwa kuma amsar ba za ta tsaya da ƙafarta ba.

Akwai wani abu game da sauri da mutane ƙalilan suka sani, kuma zai cece ka daga ɓarnar kuɗi. Kafin samfuri ya fitar da kowace gutsuren kalma, sai ya karanta dukkan ma'aunansa daga RAM. Ke nan abin da ke ƙayyade saurinsa ba ƙarfin firosesa ba ne kawai, yawan bayanan da RAM ke iya miƙawa a daƙiƙa ne. Kwamfuta mai sandar RAM ɗaya tana miƙa kusan rabin abin da mai sanduna biyu ke miƙawa. Saboda haka in kwamfutarka tana da rami na biyu a buɗe, sayen wata sandar giga 8 irin ta farko zai ba ka riba biyu lokaci guda: wuri ya zama giga 16, sauri kuma ya ƙaru sosai. A nan ne mai biliyan 7 zai fara zama abin amfani, ya yi maka bayanin kuskure, ya rubuta gajeren aiki, ya rubuta gwaji, ko da intanet babu. Ba zai yi gudu ba, kalmomi kaɗan ne a daƙiƙa, amma ana iya zama da shi. A wurina wannan sandar RAM ita ce sayayya mafi albarka da mai irin halinka zai yi, kafin ya yi tunanin sabuwar kwamfuta. In kuma za ka iya komawa Linux, za ka sake tsirar da wani wurin.

Ka kuma gyara abu ɗaya a Ollama. Tsayin abin da yake tunawa a saitinsa na asali gajere ne, 'yan dubban gutsattsarin kalma kawai, kuma in ka wuce iyakar yana yanke farkon maganar ba tare da ya sanar da kai ba. Mutane da yawa suna zagin samfuri cewa ba ya fahimta, alhali rabin fayil ɗinsu bai kai gare shi ba. Ana ƙara shi da saitin num_ctx, amma kowane ƙari yana cin RAM, sai ka auna.

Zafi da wuta su ma suna cikin lissafi. Kai ka fi ni sanin Garwa a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kuma daidai lokacin ne ruwan madatsar Lagdo ke ja baya, wutar arewa ta yi ƙaranci. Samfurin da ke tafiya a cikin kwamfuta yana ɗora firosesa a ƙarshen ƙarfinta, batir ya zube da wuri, fanka ta yi ta kuka, sannan na'urar ta rage wa kanta gudu don kada ta ƙone. Ka ɗaga ta daga kan tebur iska ta shiga, ka kai a busa mata ƙurar da hunturu ya tara, kuma in kana kan batir ka kashe mai ƙarasa layin. Batun data kuwa, sau ɗaya ake saukewa. Ollama yana ajiye samfura cikin jakar .ollama/models, kuma ana iya kwafe ta a filas a kai wa wani. Ku haɗu ku huɗu ko biyar, ɗaya ya sauke da daddare ko a inda ke da layi mai ƙarfi, sauran su kwafa. Ɗaliban jami'ar Marwa da na Ngaundere da suke koyon wannan fanni, wannan ita ce hanyar da ta fi musu sauƙi.

In Allah ya buɗa kuka zama ƙungiya mai ofis, ga tsarin da nake ba da shawara. Kwamfutar tebur ɗaya mai katin RTX 3060 na giga 12, ko da gwanjo ce, tana ɗaukar samfuri mai biliyan 14 cikin kwanciyar hankali. A sa mata Ollama, a buɗe shi ga sauran na'urorin ofis ta hanyar saitin OLLAMA_HOST, kowa ya nuna wa Continue ɗinsa adireshinta a ƙofa ta 11434. Katin kaɗai yana jan wat 170 in yana aiki, don haka sai da inbata da batir masu kyau. Kada kuma a buɗe wannan ƙofa ga intanet, domin Ollama ba ya tambayar kalmar sirri.

Sai gaskiyar da ba na so in ɓoye maka. Ƙananan samfuran da za su zauna a na'urorinmu ba su kai manyan na nesa ba, kuma tazarar tana fitowa fili ne a daidai aikin wakilci. In ka haɗa Cline da samfuri mai biliyan 7, zai rikice, ya maimaita mataki ɗaya, ya ɓata tsarin gyaran. Aider ma yana buƙatar ƙwaƙwalwar da za ta bi tsarin rubuta gyara daidai. Don haka ga aiki mai nauyi, kamar sake fasalin babban ɓangare ko farautar kuskuren da ya ratsa fayiloli biyar, za ka so ka haɗa buɗaɗɗen kayan aikinka da babbar ƙwaƙwalwa ta nesa, ka biya gwargwadon abin da ka yi amfani da shi. DeepSeek da Mistral suna sayar da wannan kai tsaye, OpenRouter kuma yana tara samfura da yawa ƙarƙashin asusu ɗaya. Rubutu ne kawai ke tafiya, don haka ba ya cin data kamar bidiyo, ko layi mai rauni yana ɗauka. Katin biya ne matsalar, amma bankunanmu suna bayar da katin Visa wanda ake zuba wa kuɗi tun farko, kuma irinsa ne ma ya fi, domin ba za a cire abin da ya wuce wanda ka zuba ba. Ka lura da wakilai musamman: a kowane mataki suna sake aika tarihin hirar, sai kuɗin ya riƙa hawa da tsawon zaman. Aider da Cline duk suna nuna maka abin da ka kashe. Ka riƙa dubawa, kuma da ka gama aiki ɗaya ka buɗe sabuwar hira.

Amanar da ka ambata ita ce ta fi damuna, kuma na ji daɗi da ka sa ta cikin tambayarka. Kayan aiki ya zama buɗaɗɗe bai hana bayani fita ba. In ƙwaƙwalwar tana nesa, abin da ka nuna mata ya tafi sabar wasu, a Sin ko Faransa ko Amurka, kuma matakan kyauta da yawa sun rubuta a sharuɗɗansu cewa suna iya amfani da abin da ka aika wajen horarwa. A 2023 kamfanin Samsung ya taƙaita wa ma'aikatansa amfani da ChatGPT bayan wasu sun liƙa masa kod na cikin gida. Kai kuma a hannunka akwai sunayen marasa lafiya, da maganin da suka saya, da bashin da ake bin 'yan kasuwa. Kamaru ta kafa dokar kare bayanan mutane a Disambar 2024, amma ko babu doka, mai shagon da ya ba ka rumbunsa ya yarda da kai ne. Kada bayanan gaske su taɓa shiga hira da ƙwaƙwalwar nesa. Ka ƙirƙiri na bogi don gwaji. Fayil ɗin .env mai ɗauke da kalmomin sirri da mabuɗan Orange Money ko MTN MoMo, ka sa shi cikin .aiderignore ko .clineignore ko .continueignore tun ranar farko. Tsarin tebur da kod na yau da kullum za su iya tafiya in mai aikin ya amince, abin da ke cikin teburin kuwa ya zauna gida.

Akwai kurakuran da waɗannan samfura suke yi mana mu na wannan yanki musamman, domin abin da suka koya mafi yawansa daga Amurka da Turai ya fito. Ka ce da Faransanci ya lissafa TVA, wato harajin da ake ɗorawa kan farashin kaya, yana iya sa maka kashi 20 na Faransa, alhali a Kamaru 19.25 ne. Zai ajiye kuɗi da lambobi biyu bayan ɗigo kamar dala, alhali sefa ba ta da ƙananan kuɗi a rasit, kuma yadda kake cike ragowar yana iya sa lissafin wata ya ƙi haɗuwa. Zai tantance lambar waya da tsarin wata ƙasa, alhali tamu lambobi 9 ce mai farawa da 6 bayan +237, ta Chadi kuma 8 bayan +235. Tsarin asusu na OHADA, wanda ƙasashen yankinmu ke bi wajen rubuta lissafin kasuwanci, bai san shi sosai ba. In ka tambaye shi hanyar haɗawa da kuɗin waya, yana iya ƙago maka adireshi da sunayen filaye masu kama da gaskiya waɗanda babu su. Maganin wannan shi ne ka rubuta fayil ɗaya na ƙa'idojin aikinka, ka zuba waɗannan duka a ciki, da sigar PHP da Laravel da kake amfani da su. Aider yana karanta irin wannan fayil in ka nuna masa, Cline yana da .clinerules. Takardun kamfanin waya kuwa, ka liƙa masa ainihin shafin, kada ka dogara da abin da ya haddace.

Wani haɗarin shi ne sunayen kunshin manhaja. Samfuri yakan ce ka sa wani kunshi da composer ko npm wanda babu shi a duniya, kuma miyagu sun gano haka, suna yin rajistar irin waɗannan sunaye su cusa musu cuta. Duk sunan da ba ka sani ba, ka buɗe Packagist ko npm, rumbunan da ake sauke kunshin daga gare su, ka ga wa ya rubuta shi, yaushe, mutum nawa ke amfani da shi, kafin ka danna. Haka nan kada ka ba wakili izinin gudanar da umarni ba tare da tambayarka ba, musamman a kwamfutar da ke da hanyar shiga rumbun abokin ciniki. Umarni ɗaya na migrate:fresh, wanda ke goge dukkan teburan rumbun bayanai a Laravel, ya isa ya share kayan shekara.

Shi ya sa nake cewa wanda ba ya amfani da git bai shirya wa waɗannan kayan ba. Ka ajiye aikinka kafin ka kira mataimaki, ka buɗe reshe, ka karanta bambancin layi bayan layi kafin ka karɓa. In akwai layin da ba za ka iya yi wa mai shago bayaninsa ba ranar da ya kira ka da safe cewa lissafi bai fito ba, to kada ka karɓe shi, ka sa samfurin ya yi maka bayani har sai ka gane. Wuraren kuɗi, ragi da haraji da ragowar kaya da ranar lalacewar magani, ka rubuta musu gwaji da PHPUnit, kuma lambobin da ake sa ran su fito kai za ka lissafa su da hannunka. In ka bar samfurin ya rubuta kod ya kuma rubuta amsar gwajin, kuskurensa zai gaskata kansa.

Game da harshen da za ka yi masa magana, Faransanci yana aiki lafiya da Qwen da samfuran Mistral, Ingilishi ya fi kaɗan a ƙananan samfura. Hausa har yanzu da rauni a wurinsu, Fulatanci ya fi rauni, don haka saƙonnin da masu shago za su gani a allo da Hausa ko Fulatanci kai za ka rubuta su da kanka. Kuma ka yi sa'a da PHP ne harshenka, domin kod ɗinsa ya cika intanet, samfuran sun ƙoshi da shi. Abokan aikinka da suke kan WinDev, manhajar kamfanin PC SOFT mai harshenta na kanta WLangage, kuma na san suna da yawa daga Garwa har Njamena, ba za su sami irin wannan taimako ba, saboda kod ɗin WLangage da ke fili kaɗan ne, sai samfurin ya riƙa ƙago musu ayyukan da babu su. Su sai dai su yi amfani da shi wajen SQL da tsara rumbun bayanai, sauran kuma su koma ga takardun PC SOFT.